Ranar da aka sake yi wa Yaya musu

Shekarun baya, lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, wani fim ɗin Turawa ya ɓata mana rai a gidanmu, kuma har gobe ina yi wa waɗanda suka shirya shi fatan alheri. Abin da ya tuna min da shi, na ga tun shekaranjiya kuna ta ɓaɓatu a nan kan wani kashi na biyu da ya fito, wai an cuce ku, an cinye muku data a banza. Ku yi haƙuri. Ku gyara zama in ba ku nawa.

Mu biyu ne wurin mahaifiyarmu, ni da yayana. Mahaifinmu ya rasu tun ina goye. Yaya makanikin babur ne, wurin gyaransa na ƙarshen layinmu a nan Daura, daidai inda layin ya haɗu da titin Mai'adua. In kuwa mai musu kake nema, to ka zo gida. Yaya zai yi musu da kai kan ƙwallo, kan siyasa, kan furar wace unguwa ta fi daɗi. In ka gaji ka ce ka yarda, sai ya ce ai ba a gama ba, ya koma ɓangaren da ka baro ya ci gaba da yi da kai. Inna, wato mahaifiyarmu, kullum cikin yi masa faɗa take, wai ko abinci ba ya barin mutane su ci cikin kwanciyar hankali.

Akwai wani fim da yake mutuwar so, irin na jaruman nan masu ƙarfin da ba na mutane ba. Jarumin ciki talaka ne, lebura a tashar jirgin ƙasa. Baiwarsa ita ce duk abin da ya taho a guje, in ya sa hannu sai ya tsaya cak, mota ce ko jirgi. Amma da sharaɗi: nauyin abin da ya tare a jikinsa yake sauka. In ya tare babbar mota ya ceci mutane, to sai an kwaso shi an kai gida, ya yi ta jinya, tsohuwarsa na gasa masa jiki da ruwan zafi tana mita. Yaya ya kalli fim ɗin nan har ya haddace. Kafin mai fassarar Hausa ya buɗe baki, shi ya riga ya faɗa. Ni ma dole na haddace, tunda talabijin ɗaya ce a gidan, kuma a ɗakinsa take, nan da ka wuce zaure. A ƙarshen fim ɗin an nuna alamar akwai ci gaba, sai Yaya ya shiga jira yana ta lissafin abin da zai faru.

Kafin ci gaban ya fito, Yaya ya rasa ƙafa.

Ranar kasuwar Mai'adua ce. Ya je duba wa wani babur na hannu, a hanyar dawowa wata motar shanu ta kauce wa rami ta haɗa da shi. Aka wuce da shi asibiti a Katsina. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ƙarshe dai aka yanke ta hagu daga ƙasan gwiwa. Da aka sallamo shi, ciwo ya kama hanyar warkewa, amma mutumin da aka dawo mana da shi ba Yayan da muka sani ba ne. Ya yi sallah daga zaune, ya taɓa abinci kaɗan, ya juya fuska bango. Sandunan da aka ba shi a asibiti suna jingine a bayan ƙofa, ya hana ko matso da su a yi. Likita kuwa ya ja mana kunne cewa in bai fara takawa ba, gwiwar za ta ƙage, mai lafiyar ma ta saki. Tsoronmu ke nan ni da Inna, kada ɗakin nan ya zama shi ne iyakar duniyarsa.

Kun dai san yadda muke dubiya. A yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, a zauna a gefe. “Sannu. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne.” A ajiye lemo da ayaba, a tashi. Kuma ba a yi wa majinyaci musu. Ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa, “haka ne” za a ce masa. Inna ta ɗauki wannan al'ada ta mai da ita doka. Duk abokin Yaya da ya zo, sai ta tare shi a zaure ta raɗa masa, “Don Allah kada a tayar masa da hankali. Abin da ya ce, a ce to.”

Suka kuwa bi doka sau da ƙafa. Ina tuna wata rana, farko-farkon dawowarsa, wani abokinsa ya zo, irin wanda a da sai sun kusa ba hammata iska kan ƙwallo. Yaya ya dube shi ya ce ƙungiyarsu ta banza ce, ko yaran unguwa za su lallasa ta. Bawan Allah ya haɗiye yawu ya ce, “Haka ne wallahi, gaskiyarka.” Yaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ya fuskanci bango. Ni a lokacin na ɗauka gajiya ya yi, har na yi wa baƙon alama ya tashi.

Aka yi wata da watanni a haka. Gidanmu ya yi tsit, har ƙarar cokali kana ji.

Sai na ji labarin kashi na biyu ya fito. Ni kuwa uwar iyayi, nan take na yanke cewa na samo maganin da likitocin Katsina suka kasa. Na zari hijabi na nufi shagon masu tura finafinai da ke bakin kasuwa. Mai shagon ya ce akwai, amma ba a fassara ba tukuna. Na koma, na sake komawa, har ya gane ni, da ya hango ni sai ya girgiza kai tun daga nesa. Ranar da ya tura min a filas, kamar in taka rawa a titi.

Ban ko kalla ba na fara talla. “Yaya, an ce ya ninka na ɗaya! An ce har kuka mutane suke yi!” Babu wanda ya gaya min haka, ni na ƙirƙiro abina. Ya ce, “To.” Wannan “to” ɗin ma na kai wa Inna ita a matsayin albishir. Na haɗa zoɓo, na soya gyaɗa, muka zauna jiran wuta. Da aka kawo ta bayan azahar, na kunna talabijin, na zauna a tabarma ina satar kallon fuskarsa.

Jama'a, ban taɓa ganin shirme irin wannan ba.

Da farko dai tsohuwar jarumin babu ita, kuma ba a ce ta mutu ba, ba a ce ta yi tafiya ba, kawai an manta da ita. Leburanmu ya koma wani katafaren gida mai gilasai, ba a gaya mana inda ya samu kuɗi ba. Mugun da muka gani da idonmu ya faɗa cikin wuta a na ɗaya, sai ga shi ya dawo da ƙoshin lafiya, wai ashe tagwaye ne. Aka ƙaro wasu jarumai barkatai, kowa da kalar rigarsa, suna ta rushe gine-gine ba ka san wa ke faɗa da wa ba. Shi kansa mai fassarar ka ji muryarsa ka san ya gaji, akwai inda ya yi shiru can ya ce, “To, Allah dai ya kyauta.” Babban abin takaicin, sharaɗin nan an watsar da shi. Jarumi ya tare jirgin sama sukutum da hannu ɗaya, ya kaɗe rigarsa, ya wuce shan shayi da budurwa.

Na ture zoɓon gefe. Na yi ta addu'ar a ɗauke wuta, ranar kuwa kamar da gayya ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na saci kallon Yaya. Na dai ga jijiyar gefen kansa tana motsi. Na ce a raina shi ke nan, abu ɗaya da ya rage yana jira a duniya, na ɗauko na kawo masa shi a lalace. Wallahi kuka ne kawai ban yi ba.

Ana cikin haka muka ji sallama daga zaure, da ƙarfi kamar mai kiran wani a gona.

Abokin Yaya ne tun na yarinta. Ibo ne, Kirista, amma a Daura aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Shagonsu na kayan gyaran babur na manne da wurin aikin Yaya, kuma a ƙofar shagon ne majalisarsu take zama bayan la'asar. Lokacin hatsarin shi ya bi motar da ta kai Yaya asibiti har Katsina, ya ba da jininsa. Ana haka mahaifinsa ya rasu a can garinsu, ya tafi, kuma kun san hidimar binne mamaci a wajensu ba ta kwana kaɗan ba ce. Sai a makon nan ya dawo. Wato dai bai san da dokar Inna ba, ita kuma tana can madafa tana tuƙa tuwo, babu wanda ya tare shi.

Ya shigo, ya dubi ƙafar nan kai tsaye, bai kawar da ido ba kamar yadda sauran ke yi. Ya ce, “Sannu mutumina. Allah ya sa iyakar wahalar ke nan.”

Yaya ya ce, “Amin. Ya haƙuri?”

“Da godiya.” Ya ɗebi gyaɗata ba tare da an yi masa tayi ba, ya waiwaya ya ga talabijin. Sai fuskarsa ta washe. “Kai! Ai na biyu ne wannan! Na kalle shi a can gida. Wallahi ya fi na ɗaya nesa ba kusa ba.”

Na shiga ƙifta masa ido, ina girgiza kai.

Ya ce, “Ƙanwata, wani abu ne ya faɗa miki a ido?”

Yaya ya juyo a hankali. Ya ce, “Me ka ce?”

“Na ce ya fi na ɗaya. Na ɗaya ai rabinsa jinya ce. Mutum na kwance tsohuwa na gasa shi, sai ka ce asibiti muka zo kallo. Wannan kuwa daga farawa sai duka.”

Yaya ya dafa katifa ya tashi zaune, ba tare da ya nemi in tallafa masa ba. “Kai dai tun muna firamare ba ka da kai. Ina tsohuwar take? Gaya min, ina suka kai ta?”

“Wa ya damu da tsohuwa? Ka ga yadda ya tare jirgin nan kuwa?”

“Mugun fa? Mutumin da ya ƙone ƙurmus?”

“Ɗan'uwansa ne. Ba a haifar tagwaye a garinku?”

“Tagwaye da tabo iri ɗaya a goshi? Tare suka faɗi?”

Murya ta fara hawa. Wannan ya kawo, wancan ya kawo, har da nuna juna da yatsa. Ni ina raɓe a gefe, rabona da jin Yaya ya haɗa jimla biyu a jere tun kafin hatsari. Abokin ya ce shi dai jarumi yake so ya gani, ba majinyaci ba. Sai Yaya ya daki katifa ya ce da ƙarfi:

“Ƙarya ne! Ƙarya suka shirya! Wanda abu ya buga ba ya kaɗe riga ya tashi haka nan! Ba ya tashi!”

Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Dukkanmu mun san ba jarumin fim kaɗai yake nufi ba. Na sunkuyar da kai, ina jira in ji an ce “haka ne, sannu.”

Abokin ya gyaɗa kai. Ya ce, “Na ji. Wannan kam ka fi ni sani.” Ya watsa gyaɗa a baki. “Amma duk da haka na biyu ya fi. Kuma duk 'yan majalisa haka suka ce.”

“Su wa?”

“Kowa da kowa.”

“Wallahi ƙarya kake!”

“To ka zo ka tambaye su mana. Ni ba zan kwaso maka majalisa in kawo ɗaki ba. Na bar shago a buɗe, sai an jima.” Ya kaɗe hannunsa ya fice.

Da na leƙa, sai ga Inna tsaye a bayan labule da muciya a hannu. Hayaniya ce ta fito da ita. Na ce a raina yau mai karya doka zai sha muciya. Na fara cewa, “Inna, wallahi na yi ta yi masa alama...” Sai ta riƙe min hannu ta ce, “Yi shiru in ji.” Daga ciki Yaya na ta faɗa shi kaɗai, yana kiran abokinsa mara kan gado. Inna na saurare, hawaye na zuba, tuwonta na can yana kamawa.

Ranar Yaya ya cinye tuwon nan tas, da ƙaurinsa da komai. Washegari da safe ya ce in sake kunna masa fim ɗin. Na ce, “Yaya, wannan abin?” Ya ce hujja yake tarawa. Ya sa ni ina mayarwa baya ina tsayarwa, yana nuna min tabon goshin mugu, yana cewa in zama shaida.

Bayan la'asar ya ce, “Miƙo min sandunan can.”

Na yi kamar ban ji ba, don ina tsoron in na yi murna a fili zai fasa. Ya maimaita, na miƙa. Tashin farko ya koma ya zauna. Na biyu ya tsaya, gumi na keto masa. Na kai hannu zan riƙe shi, ya ce in matsa. Dokin ƙofar zaure ya ba shi wahala ƙwarai, har sanda ɗaya ta zame, ya dafe bango. Inna na bayana, na ji ta ja numfashi. Layinmu ba wani tsawo gare shi ba, amma ranar na ga tsawonsa. Yana tafe yana hutawa, mu kuma muna leƙe daga ƙofa.

'Yan majalisa suka hango shi, suka miƙe gaba ɗaya, masu kawo benci na yi, masu “sannu, sannu” na yi. Muryarsa har ƙofar gidanmu:

“Ku riƙe sannunku! Wane ne a cikinku ya ce na biyu ya fi?”

Ashe yawancinsu ko kallonsa ba su yi ba. Amma kun san majalisa, nan take aka rabu gida biyu, har da waɗanda ba su san ana yin fim ɗin ba. Sai da aka kira magariba aka rako shi gida, muryarsa a dishe.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya daidaita ba. An sha fama. Akwai ranakun da ya koma ya fuskanci bango, akwai ranar da ya yi jifa da sandunan. Sai daga baya aka samu ƙafar roba, ita ma sai da ya koyi tafiya da ita kamar yaro. Amma bai sake daɗewa a ɗaki ba, domin kullum akwai maganar da bai ƙarasa ba a majalisa. A hankali ya fara karɓar gyara daga zaune, yau kuwa yana nan a wurinsa na da.

Na daɗe ina juya abin a raina. Mu da muke ƙaunarsa, da “sannu” da “haka ne” muka yi ta gaya masa, ba da saninmu ba, cewa ya tashi daga sahun mutanen da ake ja da su. Shi kuwa yana ji, yana ganewa. Ranar da ya zagi ƙungiyar wancan abokin da ya zo dubiya, ashe gwada mu yake, ya ga ko akwai wanda har yanzu yake ɗaukarsa cikakken mutum. Muka faɗi jarrabawar baki ɗaya. Ba na ganin laifin Inna, tsoro ne da ƙauna, ni ma da hannuna a ciki. Har yau in na je dubiya ina cewa sannu, ina kai lemo, don abu ne mai kyau. Sai dai in majinyacin ya faɗi abin da ban yarda da shi ba, nakan ce masa ban yarda ba, in ga yadda idonsa zai yi.

Fim ɗin kuwa ra'ayina bai canja ba, shirme ne na ƙarshe. Amma da ya yi kyau, da mun kalla mun ce madalla, Yaya ya koma ya kwanta. Shi ya sa nake gode wa Allah da ya sa suka lalata shi yadda ya kamata.

Shekaru bayan haka, ranar ɗaurin auren Yaya, na samu abokin nan nasa Ibo a zaure yana raba wa baƙi ruwa. Na ce masa akwai godiyar da na daɗe ina so in yi. Na ce dabarar da ya yi ranar nan, ta cewa na biyu ya fi don ya tunzura Yaya, babu likitan da ya yi mana irinta.

Ya ajiye ruwan, ya dube ni da mamaki na gaske.

Ya ce, “Wace dabara, ƙanwata? Fim ɗin fa ya yi kyau.”

Allah ya saka masa da alheri, shi da rashin iya zaɓen fim ɗinsa.